HATTARA DA CINIKIN TSOHUWAR AMFILIFAYA TA INTANET

Duk wanda ya halarci biki a Agege ko Idi-Araba ta Ikko, ko a Sabon Badun, ko kuwa ya leƙa majami'un da 'yan Arewa ke taruwa ran Lahadi, ya san kiɗan jita ya daina zama na Yarbawa da mutanen Binin su kaɗai. Samari da yawa cikin 'ya'yan Arewa da suka tashi a Kurmi sun iya ta, waɗansu sun koya wurin maƙwabta, waɗansu kuwa sha'awar makaɗan Agadas irin su Bombino da Mdou Moctar ce ta ja su. To, jita mai aiki da lantarki bebiya ce in ba ta da amfilifaya, watau akwatin nan da ke karɓar ɗan ƙaramin sautin tsirkiya ya ƙara masa ƙarfi ya fid da shi ta lasifika har na bayan taro ya ji.

Sabuwar amfilifaya ta kirki ta fi ƙarfin talaka yanzu. Tun watan Yuni na 2023 da aka saki Naira kasuwa ta yanke mata daraja, Dalar Amurka ta tashi daga wajen Naira 460 har ta wuce 1,500 a farkon 2024, kayan kiɗa kuwa kusan duk daga waje suke zuwa. Saboda haka ido ya koma kan na hannu, watau gwanjo, ko tokumbo in ji mutanen nan. A da sai mutum ya ɗauki ƙafa ya tafi kasuwar Alaba da ke Ojo ya sha rana yana zagaya rumfuna. Yanzu kuwa yana kwance a ɗaki zai buɗe Jiji ko Facebook ko wani rukunin WhatsApp, ya ga hotuna jere, kowace amfilifaya tana sheƙi, an rubuta kuɗinta a ƙasa da lambar waya. Nan ne mutane da yawa suke afkawa rami, shi ya sa ya kamata a yi magana a kai.

Magabata da suka zo Kurmi fataucin goro da shanu ba su cinikin dukiya da baƙuwar fuska sai da tsani. Akwai mai gida wanda baƙo ke sauka wurinsa, akwai dillali mai karɓar la'ada, in an ba da bashi mai gida ke tsayawa lamuni, in kuwa rigima ta tashi a ɗunguma gaban Sarkin Hausawa. Kowa ya san ƙofar gidan kowa, wanda ya ci amana kuma ba shi sake ciniki a wannan zango. Kasuwar intanet ba ta da ko ɗaya cikin waɗannan. Jiji, wadda aka kafa a Ikko cikin 2014, ta kuma sayi harkar OLX ta Nijeriya cikin 2019, allon talla ce kawai. Kayan ba nata ba ne, ba ta gan su ba, ita kanta ma tana yi wa jama'a gargaɗi kada su biya kuɗi kafin su ga kaya, su kuma haɗu da mai sayarwa a bainar jama'a. Amma kwaɗayin araha yakan toshe kunne.

Dabarar 'yan damfara ba ta da wani zurfi. Sukan ɗauko hoton amfilifaya mai tsada daga tallan wani, ko ma daga wata ƙasa, su sa mata rabin kuɗinta. In an kira, sai mai maganar ya ce ai shi yana Fatakwal ko Anaca, an yi masa canjin wurin aiki, yana neman rabuwa da ita kafin Jumma'a, kuma ga wani nan zai kawo kuɗi da yamma. Wanda ke so sai ya aika da kafin alƙalami, ko kuwa kuɗin mota kaɗai, a sa masa kayan a tasha. Da kuɗi sun shiga sai waya ta mutu. Waɗansu ma ba su tsayawa nan, sai wani ya kira ya ce shi direba ne, an tare shi a hanya, a ƙaro wani abu. Alama ɗaya da ba ta cika ƙarya ba ita ce sunan da ke kan asusun banki ya saɓa da sunan da mai sayarwa ya faɗa. Doka ta san wannan laifi, shi ne ma asalin kalmar nan 419, lambar sashen dokar laifuffuka da ya yi magana kan karɓar dukiya ta hanyar yaudara, kuma wanda abin ya sama yana iya kai ƙara banki da 'yan sanda da hukumar EFCC. Sai dai in kuɗin Naira dubu ɗari ne ko ɗari biyu, zirga-zirgar bin sawu kaɗai tana iya cinye abin da ya kai su, shi ya sa yawanci sai mutum ya haɗiye ya bar wa Allah.

Amma fa ɓarawo ba shi ne babban haɗari ba, don mai hankali yakan gane shi da wuri. Wanda ya fi wuyar sha'ani shi ne mai sayarwa na gaske, mai kaya na gaske, wanda zai aiko da abin da aka gani a hoto, sai dai abin ba shi da lafiya. Sau da yawa shi kansa bai sani ba. Cikin 2015 da 2016 Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa an yi bincike a tashoshin jirgin ruwa na Ikko, aka tarar tsofaffin kayan lantarki da ke shigowa sun kai wajen tan 60,000 a shekara, yawancinsu daga Turai, an cusa su cikin motocin gwanjo, kuma wajen kashi ɗaya cikin huɗu ba su aiki ko kaɗan. A kasuwa akan sayar da irin waɗannan da sharaɗin ba a gwada ba, kowa da sa'arsa. Mai saye na farko ya goge, ya fesa mai, ya ɗauki hoto ya sa a intanet. Sharaɗin nan na ba a gwada ba kuwa ya ɓace a hanya.

WUTAR WANI GARI

Abu na farko da ke kashe amfilifaya tun ran da ta iso shi ne bambancin ƙarfin wuta. Wutar Nijeriya bolt 230 ce, daidai da ta Ingila da sauran Turai. Ta Amurka da Kanada 120 ce, ta Japan kuwa 100. Manyan sunaye irin su Fender da Peavey na Amurka ne, Roland da Yamaha na Japan, kuma kowane kamfani yana ƙera kaya iri-iri gwargwadon ƙasar da za a kai. Wanda ya ɗauki amfilifayar da aka yi don Amurka ya soka a bangon Mushin, abin da zai gani shi ne hayaƙi da ƙauri. In ya yi sa'a fis ne kaɗai zai ƙone. In kuwa wani mai wayo ya riga ya cire fis ɗin ya naɗa waya ko takardar gwangwanin taba a madadinsa, kamar yadda ake yawan yi, to, taransifoma ce za ta tafi, ita ce kuwa mafi tsada a cikin akwatin.

Ana rubuta ƙarfin wutar a bayan kowace amfilifaya kusa da inda waya ke shiga. Masu talla ba su cika ɗaukar hoton baya ba, sai gaba mai ado, don haka mai saye ne zai nemi a ɗauko masa hoton wannan rubutu, ya karanta da idonsa. Waɗansu tsofaffi suna da maɓallin sauya ƙarfin wuta, waɗansu sababbi marasa nauyi suna karɓar daga 100 har 240. Sauran sai an haɗa su da na'urar rage wuta, kuma lalle ta zama mai ƙarfin da ya ɗara abin da amfilifayar ke ja, ba irin ƙaramar nan ta cajin aska ba. Ko da an yi haka da sauran magana, domin wutar nan tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, ta Amurka sau 60, na'urar rage wuta kuwa ba ta sauya wannan, sai taransifomar ta riƙa ɗaukar zafi fiye da yadda aka tsara mata. Ga kuma haɗarin yau da gobe: rana ɗaya wani yaro mai taimakon ɗaukar kaya zai manta da na'urar ya soka kai tsaye.

Amfilifaya iri biyu ce in an bi asali. Akwai mai taransista, akwai kuma mai kwalabe, waɗanda masu gyara ke kira bawul, irin na rediyon da. Gwanayen jita sun fi son mai bawul saboda zaƙin sautinta, shi ya sa tsofaffin Marshall da Fender da Vox suke da daraja har gobe. Amma bawul kamar ƙwan fitila yake, yana tsufa yana mutuwa, kuma manyan cikinsu ba a sauya ɗaya a bar ɗaya, sai bibbiyu ko hurhuɗu waɗanda aka daidaita, sa'an nan gwani ya saita wutar da ke bi ta cikinsu. Masana'antun da suka rage suna yin su a duniya ba su da yawa, suna Rasha da Sulobakiya da Sin, kuma da yaƙin Rasha da Yukren ya ɓarke cikin 2022 sai da farashinsu ya yi tashin gwauron zabo. Fender Twin Reverb, alal misali, tana da manyan bawul huɗu ban da ƙanana. Wanda ya saye ta da araha, bawul ɗinta sun gaji, zai tarar kuɗin sauya su ya cinye rangwamen da ya yi murna da shi, in ma ya same su na gaske.

Akwai kuma waɗansu gwangwanaye a ciki da ake kira kondensa, masu tace wuta. Suna da wani ruwa a ciki wanda ke bushewa da tsufa, balle in akwatin ya yi shekaru ajiye a rumbun wani Bature ba a kunnawa. In sun bushe sai amfilifaya ta riƙa wani gurnani ƙasa-ƙasa ko ba a taɓa jita ba. Abin lura a nan shi ne ɗan bidiyon da mai sayarwa ke aikowa ba shi nuna wannan ciwo, domin ƙaramar lasifikar wayar hannu ba ta iya fid da sauti mai kauri irin wannan. Mutum zai saurara ya ji tas, sai kaya sun iso ya ji kamar an kunna injin niƙa a maƙwabta. Haka nan bidiyon minti ɗaya ba shi nuna ciwon da sai ƙarfe ya yi zafi yake fitowa. Dalma da ta tsage a ciki takan riƙe sa'ad da akwatin ke da sanyi, bayan rabin sa'a ta saki, sauti ya riƙa yankewa, kuma ba ta tashi yin haka sai amarya ta shigo fili.

Lasifikar ma abin dubawa ce, don ita aka fi musanyawa. A cire ta asali a sayar daban, a ɗaura wata mai araha ko wadda aka yi wa naɗi a bakin titi, ragar gaba ta rufe asiri. Kowace amfilifaya tana da awon lasifikar da ta dace da ita, om 4 ko 8 ko 16, an rubuta a baya. In aka sa wa mai taransista lasifikar da awonta ya gaza abin da aka rubuta, zafi zai ƙone ta. Mai bawul kuwa ba a kunna ta sam ba tare da lasifika a haɗe ba, yin haka yana iya ƙone taransifomarta ta biyu, wadda ke miƙa sauti. Ɗan kasuwar da bai san wannan ba yakan kunna kan amfilifaya shi kaɗai don ya ɗauki hoton jar fitila tana ci, ya nuna wai tana aiki, alhali a wannan lokacin ne yake kashe ta.

Batun wat kuwa abin dariya ne. Roland JC-120, wadda ta fito tun 1975 kuma ta cika manyan zaurukan duniya da sauti, wat 120 ce kacal, nauyinta ya kusa kilo 30. Sai ga ɗan akwatin da yaro zai ɗauka da hannu ɗaya an rubuta masa wat 3,000. Irin wannan lissafi na talla ne, awon gaskiya shi ne wanda aka rubuta RMS kusa da shi. Tambarin kamfani ma ba shaida ba ne, kusoshi biyu ke riƙe da shi, ana kuma sayar da shi daban.

BA KUƊI KAƊAI BA

Duk abin da aka zana a sama hasarar dukiya ce. Akwai wadda ta fi ta. Tsirkiyoyin jita ƙarfe ne, kuma a haɗe suke da jikin amfilifaya ta wayar da ke tsakaninsu. In wuta ta zurare ta shiga jikin akwatin, kuma babu wayar ƙasa da za ta kwashe ta, to, jikin makaɗi ne hanyarta, musamman in hannu ɗaya yana kan tsirkiya, leɓe ko ɗaya hannun ya taɓa makirfo. Cikin 1972 wani makaɗin jita mai suna Les Harvey ya mutu a gaban 'yan kallo a garin Swansea na Biritaniya da ya taɓa makirfon da ba shi da wayar ƙasa. Cikin 1976 kuma Keith Relf, wanda ya yi suna da ƙungiyar Yardbirds, wuta ta kashe shi a gidansa yana kaɗa jita. Waɗannan a ƙasar da wuta ke da tsari ke nan. Balle a inda ake kafa rumfa bisa jiƙaƙƙiyar ƙasa da damina, a jawo waya daga janareta, makaɗi kuma ya tuɓe takalmi.

Tsofaffin amfilifayoyin Amurka da aka ƙera kafin wajen 1970 da fulogi mai ƙafa biyu suka fito, ba su da wayar ƙasa, kuma akwai wata ƙaramar kondensa tsakanin wayar wuta da jikin akwatin wadda in ta lalace sai akwatin duka ya ɗauki wuta. Masu gyara a can sun laƙaba mata sunan mutuwa, sukan cire ta su sa waya mai ƙafa uku. Waɗansu kuwa da ƙafa uku suka fito, wani ne ya karya ta ukun don fulogin ya shiga soket ɗinsa. Hoto ba shi nuna wannan sai an tambaya. Har wa yau, mai karambanin kwance akwati don ya ga abin da ya saya ya sani kondensar amfilifaya mai bawul tana riƙe wuta mai ƙarfin bolt 400 zuwa 500, tana kuma iya riƙe ta bayan an zare fulogi daga bango. Wannan aikin mai gyara ne wanda ya san yadda ake sauke ta.

A ce ma kaya lafiyayyu ne, sauran hanya. Bawul gilashi ne, taransifoma kuwa dunƙulen ƙarfe ce mai nauyi da 'yan kusoshi ke riƙe da ita. Akwatin da aka jefa bayan bas daga Anaca, aka ɗora masa buhun gari, ya sha ramukan hanyar Binin zuwa Ore, ba lalle ya iso yadda ya tashi ba. In ya iso a fashe, mai sayarwa ya ce lafiya ya ba da shi, direba ya ce shi bai san abin da ke cikin kwali ba, takardar tasha kuwa ba ta ɗauki alhakin komi ba. Wanda tilas ta sa a aiko masa, ya roƙa a zare bawul ɗin a naɗe kowane daban, a sa musu lamba don kowane ya koma raminsa.

Wani kuskuren kuma ya fi shafar kwamitocin masallatai da makarantun Islamiyya da masu tallan magani. Sukan ga an rubuta amfilifaya da araha su saya, ashe ta jita ce. Ita an gina ta ne don muryar tsirkiya, ba ta fid da maganar mutum sarai, ba a kuma tsara ta don jan dogayen wayoyi zuwa lasifikokin ƙaho da ke bisa hasumiya ba. Abin da suke bukata shi ne ta jawabi, irin su Ahuja ko TOA. Haka nan wanda ya soka jitar bes mai kaurin murya cikin amfilifayar jita ya ƙure ta, takardar lasifikar ba za ta daɗe ba.

Hanyar da ta fi lafiya ita ce a ɗauki intanet wurin ganin talla kawai, ciniki kuwa a yi shi ido da ido, don ba a cinikin biri a sama. Mai saye ya tafi da jitarsa da wayarsa, ya kuma ɗauki mai gyaran rediyo wanda ya amince da shi, ko da zai biya shi ladan yini. A haɗu da rana a shagon mai gyara ko wani wuri mai jama'a da wuta. A kunna a bar ta rabin sa'a, a murɗa kowane maɓalli a ji ko yana ƙarƙara, a ƙure ta a ji ko lasifika na kakkaɓi, a ɗan bubbuga saman akwatin a ji ko sauti zai yanke, a shinshina baya ko da ƙaurin ƙuna, a duba tsatsa, don iskar teku ta Ikko ba ta raga wa ƙarfe. Mai sayarwar da ya ce ba shi da lokacin wannan, ko ya ce unguwarsu ba wuta, a bar masa kayansa. Wanda bai daɗe da fara kiɗa ba kuwa, ko wanda wutarsa ta janareta ce, mai taransista ta fi masa kwanciyar rai, ko wane mai gyara a unguwa yana iya taɓa ta, kayan gyaranta kuma suna nan a kasuwa.

Sai maganar asalin kaya. Ana fasa majami'u da ɗakunan ɗaukar waƙa da shagunan masu ba da hayar kayan biki, kayan kuma a intanet suke ɓullowa, don nan ne ɓarawo ke sayarwa ba tare da ya tsaya gaban kowa ba. Karɓar kayan sata da sani laifi ne a doka, kuma araha da ta wuce hankali tana cikin abin da ake kafa wa mutum hujja da shi cewa ya sani. Baƙo kuwa, wanda ba garinsu ba, shi ya fi shan wuya kafin ya wanke kansa a caji ofis. Kowace amfilifaya ta kirki tana da lambarta a baya. In an kankare lambar ko an ɓamɓare takardarta, kada a taɓa. In tana nan, a rubuta ta cikin rasit tare da sunan mai sayarwa da lambar wayarsa da kwanan wata da kuɗin da aka biya, ya sa hannu, mai gyaran da aka zo da shi ya sa nasa a matsayin shaida, kuɗin kuma a tura su cikin asusun da ke ɗauke da wannan suna.